Tsohon Keke a Kasuwar Intanet: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan mako sun taru ne a kan tsofaffin kekuna da kayan gyaransu da ake tallatawa a intanet. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mai saye da mai sayarwa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana keke Rali baƙi mai birkin ƙarfe, yana jingine a zaure sama da shekara 20. Na ga irinsa a intanet an sa masa kuɗin da ya kusa na babur. Magada sun ce a sayar a raba. Yaya zan san ainihin kuɗinsa?
Daga mai karatu a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Malam, kuɗin da ka gani kuɗin da mai kaya ya yanka ne, ba a ce an saya haka ba. Akwai kekunan da suke shekara a kan shafin talla na Jiji ko Facebook da wannan farashi ba wanda ya taya. Abin da za ka nema shi ne kuɗin da aka sallama. A eBay, wata babbar kasuwar intanet, akwai wurin da ake latsawa a nuna kayan da aka riga aka sayar kaɗai. Ka nemo irin naka guda bakwai zuwa goma, ka jera kuɗin daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki na tsakiya. Kada ka tara ka raba, domin keke ɗaya da aka yi tsere a kansa sai ya ɓata maka lissafin duka.

Amma kafin nan sai ka san abin da ke hannunka. Kamfanin Raleigh mai yin Rali na birnin Nottingham ne a Ingila, kuma a 1951 kaɗai ya ƙera keke sama da miliyan ɗaya. Ya kuma yi masana'anta a Kano inda ake harhaɗa kekunansa. Ke nan baƙin Rali mai taya 28 ba abu ne mai wuyar samu ba, tsufa kaɗai ba ya sa masa tsada. Abin da ke ɗaga shi shi ne a same shi da kayansa na asali a jikinsa.

Ka fara da hob ɗin baya, wato cibiyar wilin baya inda sifok suke haɗuwa. Idan mai giya uku ne na Sturmey-Archer, ka goge bakin man da ya daskare a jikinsa da tsumma da kananzir, za ka ga haruffa kamar AW, kusa da su lambobi biyu. In ka ga 74 da 6, an yi hob ɗin a watan Yuni 1974. Yawanci keken bai wuce 'yan watanni tsakaninsa da wannan ba, in dai ba a taɓa sauya wilin ba. Sannan ka nemi lambar firam, ko a ƙarƙashin gidan feda, ko a saman bututun da sirdi ke shiga. Daga wajen 1974 lambar tana farawa da haruffa biyu: na farko masana'anta, N na Nottingham, W na Worksop, na biyu lokacin shekara, lambar da ta biyo su ita ce ƙarshen shekarar. Idan hob da firam suka yi daidai da juna, ka samu hujja mai ƙarfi a ciniki.

Sai alamomin gida. Tambarin goshi kan zalɓe ne, an kafe shi da ƙananan kusoshi. Faifan sarƙa na gaba shi ma an yanka siffar zalɓe a cikinsa. Kafaɗar fok kuwa, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, bututu ce a kwance, da murfi mai ƙyalli mai ɗan lotsawa a kowane gefe. Ka duba ko murfin sarƙa, madigadi, fitila da sirdin fata duk suna nan. Kowane ɗaya da ya ɓata, ka cire kuɗin sayensa daga wancan na tsakiya.

A ce na tsakiyan ya kama naira 150,000, misali ne kawai don lissafi. Keken da ya yi shekara 20 a jingine zai buƙaci taya biyu, tub biyu, robar birki huɗu, 'ya'yan boris, wataƙila da sarƙa, ga kuɗin aiki. In duk suka tashi 40,000, to naka a yadda yake 110,000 ne ko ƙasa, domin mai saye zai rage wani abu saboda abin da bai gani ba. Ka kuma tuna farashin Ingila na Ingila ne. A gida masu saye iri biyu ne: mai neman abin hawa zuwa gona ko kasuwa, wanda zai gwada shi da sabon keken Phoenix na Sin, da kuma mai sonsa don irinsa mahaifinsa ya hau. Na biyun shi ke biya da kyau, sai dai ba kullum ake samunsa ba.

Tunda gado ne, shawararmu ita ce a kira mutum biyu ko uku masu sanin keke su yi masa kuɗi a gaban magada. In akwai mai so a cikinku ya biya wannan kuɗi ya riƙe. Keken da aka san tarihinsa tun daga shago ya fi kyau ya zauna a gidansu.

Tambaya: Ina so in kai tsohon keken da zan sayar a kankare shi a yi masa sabon fenti kafin in ɗauki hoto, ko zai fi kuɗi?
Daga mai karatu a Katsina

Amsa: Don Allah ɗan'uwa kada ka yi. Wannan ita ce ɓarnar da ta fi yawa a harkar nan, kuma ba ta gyaruwa. Fentin masana'anta gasa shi aka yi, da siraran layukan zinariya da rubutun kamfani a kansa. Mai sanin keke wannan yake saye, ko ya koɗe, ko ya yi tabo. Da ya ga sabon fenti sai ya fara tunanin me aka rufe: walda ce, lotsawa ce aka cike, ko kuwa wani keken ne aka sa wa rigar Rali. Sai ka kashe kuɗin fenti, kuma farashi ya sauka.

Wanki yake so. Ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwanuka da tsumma mai laushi. Inda bakin mai ya daskare, kananzir da tsohon burushin haƙori. Kada fetur ko tina su kusanci rubutun jikin firam, nan take suke cinye shi. Bayan ya bushe a shafa man goge mota kaɗan, a goge a hankali, baƙin zai dawo. Wurare masu ƙyalli kamar kan keke, rim da sandunan birki, a dunƙule takardar alminiyum a tsoma a ruwa a riƙa gogawa, tsatsar sama za ta fita ba tare da ta karce ba. Samfefa kuwa ƙyallin take cirewa gaba ɗaya. Ƙananan notuna da kusoshi a jiƙa su a ruwan binega kwana ɗaya, a ɗauraye sosai, a busar, a shafa mai nan take, in ba haka ba kafin gari ya waye sun sake ja.

Fenti yana da hujja ne kawai idan tsatsa ta ci fiye da rabin firam har ƙarfe ya fara rami. A nan ma a ɗauki hoton yadda yake kafin aiki, a nuna wa mai saye.

Tambaya: Na ga keke a Facebook, mai shi yana wani gari, ya turo hoto uku ya ce lafiyarsa ƙalau, in tura kafin alƙalami. Me ya kamata in nema kafin in biya?
Daga wata mai karatu a Jos

Amsa: Hajiya, hoto uku cinikin biri a sama ne. Taya, sarƙa, birki, duk ana sauyawa da kuɗi kaɗan. Firam shi ne keken, kuma shi ne hoton nesa yake ɓoyewa.

Ki ce ya ɗauko keken ta gefen sarƙa, a tsaye, da rana, kyamara daidai tsayin keken. Ki dubi fok: daga sama ya kamata ya bi layin wuyan keken sak kafin ya lanƙwasa gaba a ƙasa. In ya ja baya, tayar gaba ta matso kusa da firam, keken ya taɓa yin karo. Sai hoton kusa na bayan wuya, wato inda bututu biyu suka haɗu da goshi, sama da ƙasa. Karo yana barin ɗan kumburi ko tattarewa a ƙasan bututun, kamar yatsa biyu daga mahaɗa, fenti kuma ya tsage a zagaye. Wanda ke wurin da yatsa zai ji shi tun kafin ido ya gani. Keken da ke da wannan, kuɗin kayan jikinsa kaɗai za ki biya.

Akwai gwajin zare, kowa zai iya. A ɗaura zare a inda aksul ɗin baya ke shiga ta dama, a zagayo da shi ta goshin keken, a dawo a ɗaure ta hagu, a ja ya miƙe. A auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In bambancin ya wuce milimita 3, bayan firam ɗin ya karkace, kuma keken zai riƙa ja gefe ɗaya. Ki ce ya yi wannan a bidiyo.

A cikin bidiyon kuma ya kwance notin sirdi ya murɗa sandar sirdin, ya yi haka da wuyan kan keke. Sandar alminiyum da ta shekara a cikin bututun ƙarfe ba giris kan manne har sai an yanka ta an fitar da ita guntu-guntu, aikin yini guda ne, wani lokaci a yi asarar firam. Ya ɗaga keken ya juya kowane wili a ga ko yana rawa tsakanin robar birki. Ya kama feda ya girgiza ta gefe da gefe, in da motsi to boris ko kotafin, wato fil ɗin da ke riƙe hannun feda, sun ci. Ya kuma nuna lambar firam a fili, da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar a jingine da keken, don ki tabbatar keken yana hannunsa, ba hoton wani ya kwaso ba. Lambar da aka goge ko aka karce, ki bar keken ko nawa ne, ana iya cewa na sata ne.

Wani abu kuma: kama da wane ba ta wane. Phoenix da Forever na Shanghai, Flying Pigeon na Tianjin, Hero da Avon na Ludhiana a Indiya, duk a kan siffar baƙin keken Ingila aka yi su. Kekuna ne na aiki masu ƙarko, ba abin rainawa ba ne, amma kuɗinsu daban. Ana sayar da tambarin zalɓe da takardun mannawa a intanet, don haka tambari kaɗai ba shaida ba ne. Ki nemi hoton tambarin kusa: gam a gefensa, ko ramukan tsohon tambari da suka leƙo, sun isa amsa.

Game da kuɗi, ki nemi wani naki a garin ya kai keken wurin mai gyara a duba, ki biya mai gyaran ladansa, sannan a biya mai kaya hannu da hannu a rubuta takarda mai lambar firam da shaidu.

Tambaya: Ni mai gyaran keke ne. Wani kwastoma ya sayo taya 28 da kofunan gidan feda daga waje don tsohon Rali ɗinsa. Tayar ta ƙi hawa rim, kofin kuma ya shiga zagaye biyu ya cije. An cuce shi ne?
Daga mai gyara a Gusau

Amsa: Maigida, sannu da aiki. Ba lalle an cuce shi ba, awo ne bai yi daidai ba, kuma mun gode da ka tsaya ba ka sa ƙarfi ba.

Taya mai suna 28 iri biyu ce. A gefen kowace taya akwai lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 40-635. Ta biyun ita ce faɗin da'irar rim inda taya ke zama, da milimita, kuma ita kaɗai ce abin dogara. Baƙin keke mai birkin ƙarfe 635 yake ɗauka, wato 28 x 1½. A Turai kuwa abin da galibi ake kira 28 yanzu 622 ne, ya gaza da milimita 13, ba zai taɓa hawa ba. Abin takaicin shi ne 635 tana nan a kasuwanninmu saboda kekunan Sin da Indiya, ba sai an yi odar ta ba. Haka rikicin yake a 26: Rali mai giya uku da birkin waya 590 yake ɗauka, wato 26 x 1⅜, keken hawa tudu kuma 559. Tsofaffin kekunan tsere masu 27 x 1¼ kuwa 630 ne. Ana iya mayar da su 622, amma sai robar birki ta iya sauka milimita 4.

Kofi kuma, wato mazaunin boris da ake murɗawa a gidan feda, Raleigh na Nottingham yana da nasa tiredin: haƙori 26 a inci ɗaya, a gidan feda da kuma wuya. Sauran kekunan Ingila da yawancin na duniya 24 ne. Faɗin bakin kusan ɗaya ne, shi ya sa yake karɓa zagaye ɗaya ko biyu sannan ya cije. In aka sa dogon sifana aka matsa, tiredin firam ne zai mutu. Ka ɗora ruwla a kan tsohon kofin ka ƙirga haƙora a rabin inci: 13 na Rali ne, 12 na gama-gari. Faɗin gidan fedan ma ya bambanta, na gama-gari milimita 68, na Rali 71 ko 76, don haka aksul ɗin ma sai nasa.

Mafita mafi sauƙi ita ce a riƙe tsofaffin kofuna. Ƙarfensu mai tauri ne, sau da yawa boris ne kawai suka mutu. A wanke da kananzir, a bi hanyar boris ɗin da bakin biro, in bai sarƙe a wani rami ba to kofin lafiya lau. A zuba sababbin 'ya'yan boris na kwata ɗin inci, 11 a kowane gefe, da giris mai kyau. Hob ɗin gaba yawanci 10 a kowane gefe na 3/16, wuyan Rali kuma 25 sama 25 ƙasa na 5/32. Kada a gauraya tsofaffi da sababbi, sababbin ne za su ɗauki nauyin duka. Kotafin na kekunan Ingila milimita 9.5 ne, na Faransa 9. In za ka fitar da shi ka tokare hannun fedan daga ƙasa da guntun bututu har ƙasa kafin ka buga, in ba haka ba bugun a kan boris da kofi yake sauka. Idan wili za a sayo ko hob, a ƙirga ramuka: tsofaffin kekunan Ingila da yawa sifok 32 ne a gaba, 40 a baya, irinsu na yanzu kuwa yawanci 36.

Wannan ne ma ya sa kofunan Rali masu lafiya suke da kuɗi a intanet fiye da girmansu. In firam ya mutu a shagonka, ka cire su ka ajiye.

Tambaya: Na samu keken tsere Peugeot fari a cikin kayan gwanjo. An ce mini irinsa ne aka ci gasar Faransa da shi. Gaskiya ne yana da tsada?
Daga mai karatu a Maraɗi

Amsa: Malam, gaskiya ne Bernard Thévenet ya ci gasar zagaya Faransa a 1975 da 1977 a ƙungiyar Peugeot. Amma kamfanin ya yi wa kekunansa masu araha ado kusan iri ɗaya da na tseren, har da zanen dara baƙi da fari. Mai tsadar da aka fi sani shi ne PX-10, wanda aka fi samu kuwa irin UO-8 ne.

Ka ɗaga shi tukuna. PX-10 kilo 10 ne da ɗan kai, UO-8 ya kai 13. Na tsadar yana da takardar Reynolds 531 a firam, wani ƙarfe ne mai sauƙi da ƙarfi da aka fara yi a Ingila a 1935. Inda aksul ɗin baya ke shiga ƙarfe ne mai kauri da aka ƙera, da kunnen rataya giya a jikinsa. A mai araha falle ne siriri da aka yanka. Hannun fedan na tsadar alminiyum ne na Stronglight ba kotafin, rim ma alminiyum. Mai araha ƙarfe ne da kotafin. In ka ga an rubuta Carbolite 103, na talakawa ne. Takardar 531 ana buga ta a manna, don haka sai sauran alamomin sun goyi bayanta.

UO-8 keke ne mai daɗin hawa, ka saye shi da kuɗin abin hawa. Amma ka san awon Faransa na kafin shekarun 1980 daban ne: tiredin gidan feda milimita 35, wuyan kan keke 22.0 maimakon 22.2, tiredin feda milimita 14. Kayan gyaransu sun fi wuyar samu, wannan kuma yana rage kuɗin keken da ya rasa su. Abu biyu ka duba da kyau: giyar Simplex mai baƙar roba, wadda ke tsagewa in ta tsufa, da wuyan kan keke mai tambarin AVA, wanda aka sani da tsagewa a saman tsagar da ke ƙasansa. Ka zaro shi ka duba kafin kowa ya hau, domin karyewarsa a kan gudu ba ƙaramin hatsari ba ne.

Abin da ke riƙe farashin irin waɗannan a Turai har da taron L'Eroica da ake yi a Gaiole ta Italiya tun 1997, inda ake hawa kekunan 1987 ko kafin haka, masu sandar giya a jikin firam. Saboda haka kada ka sauya masa kayan zamani da niyyar ƙara masa daraja.

Tambaya: An ce in na wargaza keke na sayar da kayan ɗaya-ɗaya zan fi samu. Haka ne?
Daga mai karatu a Kumasi

Amsa: A keken tsere mai kayan kamfanin Campagnolo ko manyan kayan kamfanin Shimano, sau da yawa haka ne, domin ƙaramin kaya yana da sauƙin aikawa kuma masu nemansa sun fi yawa. Sai dai kayan kirki uku ko huɗu za su tafi a mako biyu, ragowar su zauna maka wata da watanni, ga kason da dandalin ke cira, wanda a eBay ta Amurka ya haura kashi 10 cikin ɗari. A baƙin keke na aiki kuwa ba riba, in ban da sirdi, hob da fitila.

Ra'ayinmu a fili yake: keken da ya kai shekara 50 da kayansa cif, firam lafiya, bai kamata a yanka shi ba. A wargaza wanda firam ɗinsa ya riga ya mutu, kayansa su raya wasu.

In za ka sayar, shekarar kaya ita ce kuɗinsa, don mai gyara keken 1972 kayan 1972 yake nema. Giyar baya ta Campagnolo Nuovo Record tana da shekara a buge a samanta. Shimano haruffa biyu ne a bayan kaya: na farko shekara, A ita ce 1976, B 1977, haka har gaba, na biyu wata, A Janairu. Ka ɗauki hoton wannan, da haƙoran faifai kusa. Haƙorin da ya yi tsini ya karkata gefe ɗaya ya gama aiki. Hannun feda na alminiyum a duba siririyar tsaga inda ya rabu zuwa faifai da kuma bakin ramin feda. Mai tsaga ba na sayarwa ba ne. Tsohuwar sarƙa ba ta da kasuwa: gaɓa 12 cikakku inci 12 ne daidai, in sun wuce da 1/16 ta miƙe, in sun kai 1/8 ta riga ta ci faifan ma.

Sirdin fata na Brooks, kamfanin da ya faro a Birmingham a 1866, ana duba shi ne a wurin kusoshi, musamman na hanci. Tsaga a nan ba ta ɗinkuwa. A kifa shi a ga notin ja da ke ƙarƙashin hanci: in ya kusa ƙarewa, fatar ta gama miƙewa. Wanda ya bushe a iskar hunturu a shafa masa man fata kaɗan ta ƙasa a bar shi ya sha, kada a jiƙa shi da bakin mai, kada kuma a ja notin yana bushe, yagewa zai yi.

Tambaya: Wani daga Ingila ya ce yana son kekena. Yaya batun aikawa?
Daga mai karatu a Kano

Amsa: Alhaji, ka yi lissafin kwali kafin ka yi murna. Kamfanonin aika kaya ta jirgin sama suna auna nauyi da kuma girma, su caji wanda ya fi yawa. Yawanci tsawo sau faɗi sau tsayi da santimita, a raba da 5,000. Baƙin keke mai taya 28 nauyinsa wajen kilo 20 ne, amma kwalinsa in ya kai 150 da 25 da 85, lissafin zai ba da kusan kilo 64, kuma kuɗin 64 za a biya. Sau da yawa wannan ya fi kuɗin keken a can, inda irinsa suke da yawa. Saboda haka wanda ya amince da farashi ba ciniki, ya ce zai turo fiye da kuɗin ka mayar wa wani ɗan aike ragowar, damfara ce sananniya. Kada kaya ya bar hannunka sai ka ga kuɗin a asusunka ta manhajar banki, saƙon alat kaɗai ana ƙirƙirarsa.

In cinikin na gaske ne, a cire feda, ka tuna ta hagu baibai take kwancewa. A cire wilin gaba, a sa guntun katako tsakanin ƙafafun fok a ɗaure don kada a matse su, a naɗe bututu da kwali, ƙananan kaya a leda ɗaya a manne a jikin firam.

Tambaya: Mai sayarwa ya ce giya ukun keken tana zamewa, feda ta juya a banza, don haka ya rage kuɗi. In saya?
Daga mai karatu a Damagaram

Amsa: In AW ce, saya, Malam. A 1936 aka fara yin ta, kuma da wuya ta mutu. Ta tsofaffin kekuna tana da wani gurbi tsakanin giya ta biyu da ta uku inda ba abin da ke kamawa, in waya ta saki sai ta faɗa ciki. A sa a giya ta biyu, a leƙa ta ramin dogon notin dama inda 'yar sarƙa ke fitowa, a murɗa abin daidaita wayar har kafaɗar sandar da ke ciki ta yi daidai da bakin aksul, sannan a ɗaure ƙaramin notin. In ta daɗe a ajiye, tsohon mai ne ya daskare ya riƙe ƙananan harsunan ciki. A zuba man inji mai ruwa kamar cokalin shayi ɗaya ta ƙofar man da ke jikin hob, a hau kwana biyu, yawanci sai ta saki, ka ji tana ƙas-ƙas a giya ta biyu da ta uku. Kada a sa man gyaɗa ko wani man girki, danƙo yake zama. In bayan haka tana zamewa a ta uku kaɗai, kulocin ciki da fil huɗun da yake kamawa ne suka ci, ana samunsu, kuma sauya su aikin awa ɗaya ne ga wanda ya saba. Amma ka goge jikin hob ɗin ka karanta haruffan tukuna. In SW ka gani, ta ƙarshen shekarun 1950, wannan zamewa halinta ne kuma kayanta sun yi wuya, sai ka cire kuɗin wata hob ɗin da na ɗaura wili daga abin da za ka biya.